Washa a Ƙarƙashin Harshe

…kuma wai man gyaɗa. Man gyaɗa fa! A cikin injin motar nan, Koriya!

Bakari yana kwance rigingine a ramin da ya haƙa da sassafe a bayan gida, motar na kansa kamar rufin ɗaki. Notin juye, wanda ake kwancewa a zubar da tsohon mai, ya riga ya fita, amma abin da ke fitowa ba zuba yake yi ba, rarrafe yake. Yana saukowa cikin daro a dunƙule, a hankali, launin daddawa, wari kuwa na kaskon ƙosai da aka manta a kan wuta. Ya sa yatsa ya lakato, ya murza. Danƙo. Yana zare kamar miyar kuɓewa… a'a, kuɓewa ma santsi gare ta. Wannan riƙewa yake yi.

Shekara goma sha huɗu yana yi wa wannan injin juye, bai taɓa wuce ranar ba. Wata uku kacal ta yi a hannun Ya'u—wata uku!—ga abin da ta koma.

"Yaya, ɗan duba mini ita mana, kamar tana 'yar tari." Haka ya ce jiya. Ya'u, ƙanensa, autan Umma, mai digirin aikin gona daga Zariya, a tsaye cikin farar riga da biro biyu a aljihu. 'Yar tari. Allurar da ke nuna ƙarfin mai tana kwance a ƙasa kamar ta mutu, injin na ƙwanƙwasa kamar ana sussuka a cikinsa, shi kuwa wai 'yar tari. Sannan ya yi dariyar nan tasa, ya sosa ƙeya, ya ce ai gwaji ya yi. Don me za mu riƙa jiran baƙin mai daga ƙasar wasu, ga gyaɗa buhu-buhu a Malam Madori? Mai ai mai ne, Yaya. Rabi da rabi na fara haɗawa, na ga ta tafi lafiya, sai na ce bari in ga zallarsa. In ya yi, in rubuta takarda a kai, a karanta har Legas…

Mai ai mai ne. To. Ruwa ma ai ruwa ne, sai ya je ya sha na kududdufi.

Kuma gobe yake son ta. Gobe da safe, Guri. "Mu biyu ne, Yaya, ka taimaka." Mu biyu. Su wa? Wa kuma, in ba Fanna ba, malamar firamaren nan ta Guri da ta zo hutu, wadda yake ta zarya a unguwarsu kamar an aike shi? Ita ce za ta zauna a kujerar nan, ɗankwalinta na tashi a iska, mutanen hanya na ɗaga hannu…

Notocin kasko goma sha shida ne. Kaskon da ke ƙarƙashin injin, inda baƙin mai yake kwana. Ko idonsa a rufe ya san mazauninsu. Ɗaya… biyu… yana kwancewa yana jefawa cikin hular da ya ɗora a ƙirji—uku, wannan shi ne mai gardama, sai an ɗan ƙara masa ɗauri tukuna sannan ya yarda ya saki… yauwa. Ya'u ya san da na ukun? Ya san ma akwai kasko?

A jirgin ƙasa ta zo. Shekara guda kafin mulkin kai, tashar Malam Madori, a lulluɓe da tamfol tsakanin buhunan siminti. Shi ya yaye tamfol ɗin da hannunsa, yana ɗan shekara ashirin, sabon bakanike a garejin ma'aikatar gona. 'Yar ƙarama, mai dogon hanci, kujera biyu tak, ba rufi sai wani tanti da ake ja in hadari ya taso, tayoyi da wayoyi kamar na keke. Koriya shar, irin koren shinkafar fadama bayan ruwa ya kwanta da sati uku. Masu dakon gyaɗa suka sauke buhuna suka tsaya kallo, wani a cikinsu ya ce, "Wannan ai ba ta gama girma ba aka yaye ta." Mai Lofe, Baturen gona, ya zare lofen daga bakinsa ya ce, Bakari, kai ne za ka lura da ita. Shi ke nan. Daga ranar…

Shi ya raɗa mata suna Koriya, don launin nan nata. Ba Mai Lofe ba. Ba Ya'u ba, wanda a lokacin yana aji huɗu, majina a hanci, wando ɗaya.

Sha biyar. Sha shida. Kasko ya saki, ya sauko masa a tafin hannu da nauyin da ba nasa ba—innalillahi. Dubi nan. Dubi! Gindinsa ya yi kwance da wani abu mai kauri kamar tunkuza, rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta ta toshe ruf, ko allura ba za ta wuce ba. Da me take numfashi wata ukun nan? Yaya aka yi ma ta kawo kanta gida? Haƙuri ne da ita, shi ne kawai. Haƙurin da ya koya mata…

Ƙafafu. Daga nan ƙasa ƙafafu kawai ake gani. Na Umma ne, ƙanana, lalle ya soma dushewa a diddige, da tafiyar nan ta wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar ƙwaryar nono a ka ba ta taɓa zubar da ɗigo ba. Sun tsaya nesa da ramin. Taku huɗu. Kullum taku huɗu. An dire kwano a gindin bishiyar maina.

"Ke!" Da kaza take. "Matsa daga nan, ba taki ba ce. Furar masu ƙarafa ce, in sun ga dama su sha kafin ƙuda ya riga su."

Ƙafafun sun juya. Sun tafi.

Masu ƙarafa. Sunansa ke nan. Ko wancan. Ko mutanen bayan gida. Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ƙiyayya ba ce, ya sani, kowa ya sani, ɗan fari ne shi, Umma kuwa Bafulatana ce ta gaske ko da yake rabonsu da ruga tun zamanin kakanni—ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a yaba masa, ko faɗuwa ya yi ba a ɗaga shi a gaban mutane. Kunya ce. Ana yaye shi aka kai shi Guri wurin yayarta, Inna Talatu, ita ta goya shi, ita ta riƙa cire masa ƙayar kifi daga maƙogwaro, ita ce mai tsayawa a bakin ruwa tana ƙwala "Bakari! Bakarina!" har ya rasa inda zai sa kansa a gaban 'ya'yan masunta. Ya san duk wannan. Ya sani! To amma sani yana toshe kunne? Ya'u. Ya'una. Autana, ka ci abinci? Autana, rana ta yi maka yawa, ka rame. Sau nawa a wuni? Ya taɓa ƙirgawa wata Juma'a, ya kai sha tara, ya ji kunyar kansa ya bari.

Famfon mai. Noti uku. A hankali… kada sandar ta zame… ga shi.

Ya fito daga ramin, bayansa duk ƙasa, rana ta riga ta hau kan katanga. Kananzir a tsohuwar tasa. Ya tsoma rariya, ya tsoma famfon bayan ya buɗe shi, haƙoransa biyu da ya kamata su riƙa juyawa da ɗan yatsa sun manne da juna kamar alewa a aljihun yaro. Ya karyo reshen maina ya tauna bakinsa har ya yi gashi—ɗaci—da shi yake goge tsakanin haƙoran, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya koya masa wannan. Babu shi a littafin da ya zo da motar, littafin da Ya'u ya karance a zama ɗaya yana gyaɗa kai, shi kuwa hotunan kawai yake iya bi. A wane shafi aka rubuta asuwaki? A wane shafi aka rubuta kada a zuba mata man tuya? Ko don ba a rubuta ba ne…

A nan ake ɗaure shanun Baffa, mahaifinsu. A daidai nan. Da safe shebur ya ci karo da tsohon turke, gara ta cinye cikinsa. Goma sha ɗaya ne sa'ad da ya dawo daga Guri, har da tasa, jar karsanar da aka ba shi ran suna, da 'ya'yanta. Ya'u ya ci jarrabawar Kano, biyu suka bi hanyar kasuwa. Ya'u ya wuce gaba, uku. Ya'u Zariya… 'yar jar tasa ma ta bi su kasuwa. Ba wanda ya tambaye shi. Da an tambaye shi ma ai cewa zai yi a kai ta, wallahi cewa zai yi a kai ta, ƙanensa ne, da bakinsa ya riƙa faɗa wa mutanen gareji ƙanena yana jami'a, ƙanena zai zama babban mutum. Amma a tambaya mana. A ce, kai, wancan, masu ƙarafa, za mu taɓa jarka. Ko da kaza ce a faɗa wa, shi zai ji.

Yanzu turke babu, sai mota. Motar ma ta Ya'u.

Hanyoyin mai na cikin injin, su ne abin tsoro. Siraran hanyoyi kamar jijiyoyi, in ɗaya ta toshe ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya ɗauko famfon keke, ya cika bututun da kananzir, ya koma rami, ya kafa a bakin hanyar, ya danna… shiru… ya danna… fut! Wani baƙin gudan abu ya faɗo masa a kumatu. Sake. Sake. Har sai abin da ke fitowa ya zama garau. Yi haƙuri, Koriya. Yi haƙuri, ba ni ba ne.

Barandar Mai Lofe, ran da zai koma ƙasarsu, akwatuna a jere. Ya'u na zaune a kujera—a kujera!—yana shan shayi, don shi aka ba muƙamin, shi ne sabon jami'in gona, suna ta Turanci suna dariya. Bakari na tsaye a ƙasan matakala, ya wanke motar tun safe, ya goge wayoyin tayoyin ɗaya-ɗaya, guda arba'in da takwas a kowace ƙafa. Bai sa rai ba. Wa ya ce ya sa rai? Bakanike ne, ina shi ina… Amma da Mai Lofe ya sa hannu a aljihu, makullin ya yi ƙara, sai ya ga ya taka matakalar farko. Hannun ya fito. Ya miƙe. Ya bi ta gefen da ba nasa ba.

Shi kuma akwatin sifanu. Da musafaha mai tsawo. Da wannan maganar da har yau take masa yawo a kunne: "Bakari, na ba Ya'u domin na sani kai kana gida. Kai ne likita nata."

Domin kai kana gida! Ka ji fa, Mai Lofe? Ka ji abin da ka faɗa, can inda kake cikin sanyinku? Wato da ba don shi ba, da Ya'u bai samu ba. Hannunsa ne ya saya wa Ya'u mota. Shekara goma sha huɗu na hannunsa. Kuma shi a duk shekarun nan iyakarsa da ita daga gidan Bature zuwa gada, ya juyo, don ya saurari injin. Bai taɓa sa ta a giya ta huɗu shi kaɗai ba. Bai taɓa jin abin da take yi in an sake ta a miƙaƙƙiyar hanya ba…

Ƙararrawar keke a ƙofar gida. Sallama. Muryar wani baƙo, sama-sama, da muryar Umma. Ba ruwansa. Masu neman Ya'u ne, kullum su ne, mai son iri, mai son taki, mai son a rubuta masa takarda. Ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Yaron da ya goya a kafaɗa suka ƙetare ruwa zuwa Auyo.

Gaskit, takardar da ke like bakin kasko, ya yage, ba zai sake ɗauruwa ba. Akwai sauran takarda ɗaya a ƙasan akwatin, ta ƙarshe. Ya shimfiɗa ta a bakin kasko, ya ɗauki ƙaramar guduma mai kan ƙwallo, ƙwas, ƙwas, ƙwas, gefen ƙarfen yana yanka ta da kansa, ramukan notin suna fitowa ɗaya-ɗaya kamar idanu. Goma sha shida. Ba wanda ya kauce. Sabuwar filta da ya ɓoye tun bara a cikin tsumma—don wa ya ɓoye ta? Don ita. Ya cika famfon da mai mai kyau kafin ya mayar, kada ya tashi ya tsotsi iska. Hannayen nan ba sa tambayarsa komai, aikinsu suke yi, ko yana so ko ba ya so. Kamar ba nasa ba. Kamar ma na Ya'u ne su ma, an ba shi ajiya.

Saura washa. Ɗan zoben jan ƙarfe da ke zama a wuyan notin juye, ita ce ke hana ɗigo. Ba ta kai kwabo girma ba. Ya ɗora ta a garwashi har ta yi ja, ya tsoma a ruwa—cuu—don ta yi laushi ta kama da kyau. Sannan ya jefa ta a baki, ƙarƙashin harshe, yadda ya saba. Ƙaramin abu in ya faɗi a rairayi ya tafi ke nan. Baki ne aljihun bakanike.

Azahar. Ya tofo ta a tafi, ya ajiye a kan hula, ya wanke hannu da toka da sabulu har sau uku, ƙanshin ƙosai bai fita ba. Ya yi salla a gindin maina. A raka'a ta nawa yake? Ɗankwalin Fanna a iska… astagfirullah. Ya sallame. Ya ɗauki hula. Washa ta koma ƙarƙashin harshe.

Rami. Kasko ya hau. Noti goma sha shida, ba a jere ba, wannan gefe, wancan gefe, don gaskit ya kwanta daidai. Notin juye a hannunsa. Ya goge shi. Ya kafa. Yatsu suna murzawa, zagaye ɗaya, biyu, biyar, ya zauna. Sifana… ɗan taɓawa kawai. Ɗan taɓawa.

Washa tana bakinsa.

Bai yanke shawara ba. Wallahi bai yanke ba. Hannu ne kawai bai je baki ba. Mantuwa ce, ana mantuwa, wa ba ya mantuwa? To ga shi ya tuna. Ya tuna, yana kallon notin, tsirara, ƙarfe a kan ƙarfe. Ɗanɗanon jan ƙarfe ya cika masa baki kamar jini. Kwance shi. Zagaye biyar ne. Ba a ma zuba mai ba tukuna, ba abin da zai zube. Kwance shi, Bakari…

In mai na da sanyi ba zai nuna ba. Sai ya yi zafi ya tsinke, sannan ɗigo, ɗigo, a kan burji, wa zai gani? Bayan Kirikasamma akwai gargadar nan mai kaɗa haƙora, mil nawa, a nan notin zai soma ja da baya. Kaɗan-kaɗan. Allura za ta fara sauka. Mai ido zai gani ya tsaya. Ya'u zai duba allura? Ya'u madubi yake dubawa. Yana zuba wa Fanna bayanin yadda gyaɗa za ta raba ƙasar nan da bara, injin ya yi ƙara ɗaya ya cije. A tsakiyar fadama, ba inuwa, ba kowa sai balbela. Shanun noma su jawo ta zuwa Guri, yara na bi suna waƙa, farar riga ta koma ja. Kuma ba wanda zai ce Bakari. Man gyaɗa ne, duk Haɗeja ta ji labarin man gyaɗa, da bakinsa ya yi ta yayatawa. Shi ya haƙa wa kansa. Sau ɗaya dai… sau ɗaya a duniya Umma ta ji an ce Auta ya kasa.

Ita kuwa? Koriya? Injin da ya cije ba ya tashi, ba a nan ba, ba kayan da za a samu. Mutuwa ce. Da hannunsa. Wadda ya yaye wa tamfol…

To sai me? Tasa ce? In ta rayu, wani ke hawa. In ta mutu, a bayan gida za a ajiye ta, a nan, inda turke yake, kaji su yi ƙwai a kujerarta, kuma ba mai zuwa wurinta sai shi. Sai shi kaɗai. Subhanallahi, wannan wane irin tunani ne, daga ina ya… Fita daga ramin. Fita kawai. Anjima ya dawo ya sa, akwai lokaci, sai gobe ne tafiyar. Yanzu dai a zuba mai a ji injin, anjima in ya huce… in zuciyarsa ta huce…

Mazurari. Galan. Mai na sauka, garau, launin zuma, yana wannan 'yar ƙarar ta haɗiya. Sha, 'yar gari, sha. Ya zaro sandar awo, ya goge, ya mayar, ya zaro. Daidai kan layi. Ya zauna a kujerar direba, gefe-gefe, ƙafa ɗaya a waje kamar kullum, kada ƙasar bayansa ta ɓata fata. Makulli. Ta yi tari sau biyu, na gaske wannan karon, ta kama. Idonsa na kan allura. Tashi… tashi mana… ta motsa. Ashirin. Arba'in. Hamsin, ta tsaya cak kamar soja. Ƙwanƙwasar ta ɓace. Muryarta ce, tata ta ainihi, mai kauri daga ƙasa, wadda in ta taso daga gada yake gane ta tun daga gareji. Idonsa ya kawo ruwa. Hayaƙi ne.

"Yaya! Yaya, ka ji ta kuwa? Kai! Wallahi ko ran da aka ba ni ba ta yi wannan muryar ba!" Ya'u ne, da gudu, takalmi ɗaya a hannu, ya rungumo shi ta baya, farar rigar ta kwashi baƙin mai bai ma kula ba. "Na tuba da gyaɗa, na bar wa masu ƙuli-ƙuli. Ai ni da kai da a ce mutum ɗaya ne, da an gama da ƙasar nan!"

Bakari ya gyaɗa kai. Ba ya iya buɗe baki.

"Allah ya taimake mu ka gama da wuri. Ba ka ji mai keken ɗazu ba? Daga Guri yake. Jikin Inna Talatu ya ƙara tsanani, an ce kada a kai gobe. Da ma Umma zan kai ta duba ta, to yanzu za mu tashi, mu isa kafin magariba."

Umma.

Mu biyu… Umma. Ba Fanna ba. Wa ya ce Fanna? Ba wanda ya ce Fanna. Shi ya ɗauko ta ya zaunar, shi ya ɗaura mata ɗankwali, shi ya… Inna Talatu. Kada a kai gobe. Bakarina. Kujera biyu ce tak, kujera biyu, ba wurin na uku, ba a ma ce masa…

Ƙafafun suna zuwa. Yanzu har da sauran jikin, mayafi, ƙunshi a hannu, buta. Taku huɗu daga gare shi ta tsaya. Ba ta dube shi ba. Motar take kallo, sama da ƙasa, kamar mai taya saniya.

"Ni fa tsoron abin nan nake," in ji ta, da Ya'u take. "Ba rufi, ba ƙofar kirki, mutum na zaune kamar a kwando. Da kai ka taɓa cikinta, Autana, wallahi da ƙafa zan tafi Guri, kai da ka ba ta abin tuya."

"Haba Umma, a gaban Yaya?"

"A gaban kowa ma." Ta miƙa masa ƙunshin. Ta gyara mayafi. Sannan ta juya wajen bishiyar maina, wajen kwanon furar da ba a taɓa ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da kwanon take. "Amma tunda wancan ne ya ɗaure, zan shiga. Tun yana ƙarami, abin da hannun nan ya ɗaure ba ya kwancewa. Ko igiyar maraƙi ce."

Injin kawai ke ta ruri.

Ta sani? Tana kallo ashe? Tun yaushe… igiyar maraƙi, yana ɗan shekara takwas, ɗan jar karsanar, a nan, a daidai nan, tana ina a lokacin? A bayan wace katanga? Shekara talatin da huɗu, yau ta faɗa, yau, da kwano ta faɗa wa amma ta faɗa, kuma…

Ya'u ya buɗe mata ƙofa. Ta yi bisimilla, ta sa ƙafar dama, ta zauna a tsorace, hannu biyu riƙe da gefen kujera. Injin ya ɗumama. Yana jin zafinsa a ƙwauri. Mai ya tsinke yanzu, ya san ya tsinke, yana zagaya hanyoyin da ya wanke ɗaya-ɗaya, yana komawa kasko, yana taruwa a kan notin, yana neman hanya.

A kashe ta. A juye man nan duka, da zafinsa, a gabansu. A ce me? Na manta? Hannun da ba ya… a cikin minti ɗaya da faɗar ta? Ko a faɗi ɗaya dalilin, na gaskiyar? Ko a yi shiru—a'a. A'a. Ba wannan. Gargadar Kirikasamma, rana, buta ɗaya, tsohuwa a bakin hanya tana kallon gabas, can kuma wata tana jiran ƙanwarta…

Ya'u ya durƙusa zai ɗauko hular yayansa daga bakin ramin. Ya tsaya a durƙushe. Ya leƙa.

"Yaya… wannan ɗigon fa? Na ɗazu ne, ko?"

A ƙasan ramin, kan farin rairayi, ɗigo ɗaya. Ba launin daddawa ba. Launin zuma. Wani na taruwa a bakin notin, yana kumbura, yana rawa, bai faɗo ba tukuna.

Umma ba ta juyo ba. Gaba take kallo, ta cikin gilashi, amma kunnenta yana nan, ya san yana nan, ashe kullum yana nan. Suna jira. Sai ya buɗe baki. Ba yadda za a yi magana ta fito sai abin nan ya fara fitowa, ɗan zoben da bai kai kwabo ba, ya yi ɗumi, ya yi nauyi kamar turke, harshensa ya gaji da danne shi tun azahar, ya gaji… ya gaji…

Ɗigo na biyun ya faɗo.